Magaji Jatau da Tsoho Mai Sauraren Bango

Masu riƙe da labaran da sun ce can zamanin da ake sayayya da wuri, tun Turawa ba su san hanyar ƙasar nan ba, an yi wani gari mai ganuwa da ƙofa huɗu, ana ce masa Rafin Kanya. Mai riƙon garin, Magaji ake kiransa. Shi ke duba gyaran ganuwa da yasar rijiyoyi da mudun kasuwa, da duk 'yan rigingimun da ba su kai a je gaban alƙali ba.

To Magajin da ke kai ya tsufa, har ta kai in ana fadanci barcinsa yake sha. Ran nan ya farka ana tsakiyar maganar wata rijiya, ya kwance rawaninsa ya ce shi kam ya gaji, gona zai koma. Ba faɗa ba komai. Dattawa suka zauna suka naɗa ɗan ƙanensa, Jatau.

Shi Jatau falke ne. Shekara goma sha biyar yana zuwa Gwanja sayen goro, don haka gani yake ba abin da ya rage masa bai sani ba a duniya. In ka soma ba shi labari, kafin ka kai rabi zai ce, "Na sani, a Gwanja ma haka ake yi." Ran naɗinsa ma sai da ya faɗa gaban jama'a wai shi kada kowa ya wahalar da kansa koya masa aiki.

Kashegari aka zauna fadanci a babban zaure. Sarkin Ƙofa ya soma, ya ce jakuna suna goga jiki da ƙyauren ƙofar yamma. Sarkin Kasuwa ya kawo wani mudu da aka lotsa wa gindi. Sarkin Pawa ya kawo ƙarar ungulaye. Duk wannan Jatau bai saurara sosai ba, hankalinsa na kan wani tsoho can ƙarshen layi, mai ɗan guntun rawani, ya juya wa kowa ƙeya ya manna kunnensa jikin bango, ido a rufe. Da safe ma Jatau ya gan shi rungume da ƙyauren ƙofar gabas kamar wanda ya gamu da ɗan'uwansa.

Ya ce, "Madaki, wane ne wancan?"

Madaki ya ce, "Baba Cindo ne, ranka ya daɗe, Mai Kunne. Dami ashirin na gero ake ba shi daga rumbun gari duk kaka."

Saura kaɗan Jatau ya ce mene ne aikinsa, sai ya tuna cikar bakin da ya yi jiya. Ya gyara zama ya ce, "Na san irinsu, a Gwanja ma akwai. 'Yan gulma ne." Madaki ya buɗe baki, Jatau ya ɗaga masa hannu. "Ba za a ci geron gari don jin maganar mutane ta bayan bango ba. Baba Cindo, gobe da safe ka zo mini da rawanin nan a hannu. Geron, mai yi mini fifita zan ba."

Tsoho ya juyo ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ba shi da gona, ba shi da ɗa, shi da matarsa geron nan suke ci, kowa a zauren ya san haka. Ladan ya kira azahar, aka watse.

Bayan salla Jatau ya dawo zauren shi kaɗai da ƙwaryar fura. Ya kai ludayi baki ke nan sai ya ji an ce daga sama, "Magaji, sannu da sarauta."

Fura ta sarƙe shi. Ya ɗaga kai, ga wani ƙaton ƙadangare, jan gwada, ya leƙo daga tsagar bango yana gyaɗa kai.

Jatau ya ce, "A'uzu billahi! Mutum ko aljan?"

"Ɗan majalisa," in ji ƙadangare. "Magaji uku na yi wa fadanci a zauren nan, ban taɓa fashi ba. Kuma duk abin da aka faɗa ina gyaɗa kai, daidai da Madaki, sai dai ni ba a ba ni gero. Magaji, in ka karɓe rawanin tsohon nan gobe, ina jiye maka abin da ya sami Mai Gari Korau da shuɗɗan awaki."

Jatau ya ce, "Na san…" sai ya tsaya, don ko a Gwanja bai taɓa jin shuɗiyar akuya ba. Ya duba ƙofa ya ga ba kowa, ya rage murya. "Me ya same shi?"

"Ashe bakin naka na iya tambaya. To ajiye ludayin ka ji."

Ƙadangare ya ce:

An yi wani gari, Tsamiya Bakwai, garin marina, duk inda ka taka ramin rini ne. A garin nan duk ran Laraba da sassafe sanƙira zai bi unguwa-unguwa yana ihu, "A ɗaure awaki! A ɗaure awaki!" Kowa ya ɗaure tasa har la'asar.

Da aka naɗa Korau mai gari, Larabar farko ihun nan ya tashe shi daga barcin safe. Ya fito da zane a kafaɗa ya ce, "Kai, me akuya ta yi wa Laraba? Sauran kwana shida tana yawonta, yau ce za ta ci mutum? Na hana!" Sanƙira ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai dalilin…" Korau ya ce, "Na ce na hana. In na ƙara jin bakinka, kai za a ɗaure."

Ashe ran Laraba ce marina ke buɗe murafen ramukansu gaba ɗaya, su zuba sabuwar toka, su tafi kasuwar ƙauye sayen baban rini. Akuya kuwa ba abin da take so irin lasar tokar nan. Laraba ta zagayo, ba wanda ya ce a ɗaure, awakin gari kaf suka kwarara karofi, wurin ramukan rini. Wannan ta ture wannan, wannan ta hau bayan wannan, sai ji kake tsundum, tsundum. Kafin marina su dawo, ramuka sun cika da kawuna suna kuka.

Aka tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Da fari kore-kore suka fito, iska na bugunsu suka rikiɗe suka koma shuɗi. Fara, ja, mai roɗi-roɗi, duk sun zama abu guda. Akuya ɗari uku da 'yan kai, ba wanda ya gane tasa. Su kansu 'yan awakin sun kasa gane iyayensu, kowa ya ga nono kusa sai ya kama.

Gari ya taso gidan Korau, kowa riƙe da igiya. Abin mamaki, wanda aka san shi da ramammiyar akuya yanzu rantsuwa yake tasa mai ƙiba ce. Korau ya ce kowa ya kira tasa da suna, awaki suka yi kamar ba da su ake ba. Ya ce a wanke su, aka kai rafi aka dirje, rafin ya yi shuɗi, awaki suna nan yadda suke. Wata mata ta ce ita da wari take gane tata, Korau ya ce to shi ma a matsayinsa na mai gari sai ya tabbatar. Kwana arba'in bawan Allah nan yana sunsunar awaki, har hancinsa da gemunsa suka rine. Marina kuma sun tsaya a gefe suna jiran a gama su kawo ƙarar rininsu da ya lalace.

Ran na arba'in Korau ya miƙe tsakiyar awaki ya ce, "Na tuba! Daga yau ba abin da za a ƙara canzawa a garin nan. Duk yadda na tarar da abu haka zai zauna. Ramin da ke bakin kasuwa ma, tun da na same shi a nan, kada wanda ya cike shi."

Sai wata tsohuwa mai daddawa, Inna Tasalla, wadda ta fi kowa jimirin zuwa shari'ar nan, ta ce, "Wayyo ɗan nan, ka fito daga wata wautar za ka shiga wata. Halan ba ka ji labarin Mai Gari Dogara ba, wanda ya yi sarauta rabinsa a ciki rabinsa a waje?"

Korau ya share shuɗin hancinsa ya ce, "Ban ji ba, Inna. Yaya aka yi?"

Inna Tasalla ta ce:

Can garin kakannina, Tungar Doka, ɗakin da dattawa ke taron shawara ƙofarsa ba ta wuce gwiwar mutum ba sai kaɗan. Kowa da rarrafe yake shiga. In baƙo ya yi mamaki sai a ce masa al'ada ce, mutanen da suka yi ta haka don mai mulki ya koyi ƙasƙantar da kai.

Mai garinsu ya rasu, aka zaɓi Dogara. Shi kuwa Dogara a da Sarkin Pawa ne, shekara ashirin yana ɗanɗana kitse don ya tabbatar mai kyau ne. Ran naɗi dattawa bakwai suka riga shi shiga, don a ciki ake naɗa rawani. Dogara ya durƙusa, ya sa kai, kai ya shiga. Kafaɗu suka shiga da ƙyar. Da aka zo ciki sai abu ya tsaya cak. Na ciki suka ja hannuwa, na waje suka tura, aka shafe shi da man kaɗe har yana ƙyalli, ko motsi. Aka ce to ya koma baya, baya ma ta ƙi.

Sarkin Gini daga waje ya ce, "A ba ni dama in fasa gefen ƙofar, yanzu ya fita." Galadima daga ciki ya leƙo ta 'yar taga ya ce, "A fasa ƙofar kakanni? Wannan sai majalisa ta yanke." Aka ce to ku yanke mana, ga ku nan duka a ciki. Galadima ya ce, "Majalisa ba ta zama sai mai gari ya zauna. Ku da ke waje, kun ga ya zauna?" Aka duba, aka ce gaskiya bai zauna ba.

Haka aka naɗa masa rawani yana kwance rub da ciki. Talakawa suka zo gaisuwa, ba su ga fuska ba, sai su durƙusa wa abin da suka samu su ce, "Ranka ya daɗe." Shi kuma ya kaɗa musu ƙafa. Har shari'a aka yi, ƙafar dama an yarda, ƙafar hagu ba a yarda ba. Wani ƙuda ya sauka masa a dunduniya, ya shura, aka kori wani mutum daga gari ba laifin komai.

Liman ya ba da shawara a bar shi da yunwa ya ɗan rame. Amma matarsa Kande ba ta iya ganin mijinta da yunwa, sai ta riƙa miƙa tuwo ta taga wai na dattawa ne. Dattawa kuma kunya ta hana su ci mai gari na kallonsu a gabansu, sai su sa masa a baki. Kwana uku, maimakon ya ragu sai ya ƙara toshe ƙofar.

Ran na uku wata tsohuwa mai tallan itace, Delu, ta zo wucewa ta ga taro. Ta ce, "Lafiya? Wa ya cusa mutum a ɗakin tumakinmu?" Aka ce, "Ke tsohuwa, iya bakinki, majalisa ce." Ta sauke itacenta ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce, "Babana ya gina shi don tumakinsa, ya yi ƙofar ƙarama don kada kura ta shiga. Ina yarinya ruwa ya kama dattawa a gindin bishiya, suka rarrafa ciki suka ƙarasa maganarsu. Suka ji ɗakin da sanyi, wani mako suka dawo. Babana ya ji nauyin korarsu, ya mai da tumakin bayan gida." Galadima ya ce ta taga, "Shekara sittin kina gani ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ni na zaci daɗin rarrafen kuke ji."

Dogara bai jira majalisa ba, ya kaɗa ƙafar dama da iyakar ƙarfinsa, Sarkin Gini ya sa gatari.

Inna Tasalla ta dubi Korau ta ce, "Ka ji. Kai ka soke abu ba ka tambaya ba, su sun riƙe abu ba su tambaya ba. Ni ban ga wanda zai yi wa wani dariya ba tsakaninku. Ka mai da sanƙira bakin aikinsa, ka cike ramin kasuwa, sannan ka ba ni akuyata in tafi."

Korau ya ce, "Na ji, Inna. Wacce ce taki?"

Ta ce, "Shuɗiyar."

Nan ƙadangare ya kai ƙarshen labarinsa. Jatau ya yi dariya har furarsa ta zube, sannan dariyar ta ɗauke a hankali. Ƙadangare ya ce, "Korau dai hanci ya rina. Kai ban san me za ka rina ba."

Jatau ya ce, "To faɗa mini, mene ne aikin Cindo?"

"Mai aikin yana da baki."

"Haba! Bayan na ce gaban kowa na sani? Su Sarkin Pawa su yi mini dariya?"

"Za su yi," in ji ƙadangare. "Ta yini ɗaya ce." Ya ja jikinsa ya shige tsaga.

Da safe zaure ya cika fiye da kullum, har da waɗanda ba su da abin faɗa. Baba Cindo ya shigo kansa ba komai sai furfura, rawanin a ninke a hannu biyu. Ya durƙusa ya ajiye shi gaban Magaji. Jatau ya dubi rawanin, ya ga duk ya sha ɗinki. Sannan ya ce, "Baba Cindo, jiya ƙarya na yi. Ba irinka a Gwanja. Ni ban san aikinka ba. Mene ne?"

Sarkin Pawa ya yi wani ɗan ƙara ta hanci, ya mai da shi tari.

Tsoho ya ce, "Gara nake saurare, ranka ya daɗe. Ita ta ciki take ci, ido ba ya ganinta sai ta gama. Amma in ka sa kunne za ka ji ta, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana zuba gero a faifai a hankali. Ƙyauren ƙofofi, rumbun gari, azarorin masallaci, duk ina bi. In na ji ta sai in nuna wa Sarkin Gini a tone. Abin da ya fito kuma, wancan mai jan kan ya share." Ya nuna tsagar bango, ƙadangare ya gyaɗa kai.

Jatau ya harari tsagar, sannan ya ce, "To me ya sa jiya ka yini manne da bangon nan?"

"Ai maganar da nake so in yi ke nan shekara uku. Ni ne na ƙarshe a layi. Kullum kafin a zo kaina an kira azahar. Na taɓa tsoma baki, aka ce in jira layina."

"To yau ba layi. Faɗi."

Baba Cindo ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya rage murya. "Azarorin zauren nan an gama da su, ranka ya daɗe, ɓawo ne kawai ya rage. Wadda ke daidai kanka ma tun bara na daina jin motsi a cikinta."

Jatau ya ce, "Alhamdu lillahi, ta tafi ke nan?"

"Ta ƙoshi ke nan."

Kowa ya zabura zai yi ƙofa. Tsoho ya ce, "A'a, a'a! Kada a yi gudu, kada a taɓa bango, kada wanda ya yi tari." Haka manyan Rafin Kanya suka fito ɗaya-ɗaya a kan yatsun ƙafa, kowa ya tattare babbar rigarsa ya riƙe numfashi. Jatau ne na ƙarshe, rawanin tsoho a hammatarsa.

A gindin durumin ƙofar fada ya sa Baba Cindo ya zauna, ya naɗa masa rawanin da hannunsa, a karkace ma don bai iya ba. Ya ce, "Geronka na nan. Kuma daga yau kai za ka riƙa fara magana, ungulayen Sarkin Pawa su jira. Ku kuma ku shaida, duk abin da na tarar a garin nan, ba zan taɓa shi ba, ba kuma zan bar shi ba, sai na ji dalilinsa daga bakin mai shi."

Madaki, wanda tun a ciki yake danne atishawa har idonsa ya yi ja, ya ga an fito lafiya, sai ya sake ta gaba ɗaya. Zaure ya amsa. Rufin ya zauna rigijib daidai kan buzun Magaji.

Jatau ya dubi tsoho ya ce, "Baba, akwai wani wurin kuma?"

Tsoho ya gyara rawaninsa ya ce, "Ɗakin kwananka, ranka ya daɗe. Amma wannan da saura, ya kai jibi."

Jatau ya kama hannunsa ya ce, "Mu je yanzu."

Nan masu labari suka ajiye shi.